Yadda Gidan Gonar Gado Ke Komawa Masaukin Baƙi a Sakkwato

Duk wanda ya saba fita bayan garin Sakkwato, ko ta hanyar Wamakko, ko ta Boɗinga, ko ta Kware, ya san wani irin gini da ya fara yawaita a shekarun nan: sabuwar katanga mai fenti, babbar ƙofar ƙarfe, da allon da ke sanar da cewa ana ba da hayar wurin biki da taro, wani lokaci har da ɗakunan kwana. Abin da ke bambanta wasu daga cikin wuraren nan da sauran shi ne itatuwan da suka leƙo ta saman katanga. Mangwaron da mutum biyu ba sa iya rungume gindinsa, ko giginyar da ta zarce bene tsawo, ba wanda ya ja katangar ne ya dasa su ba, kuma da wuya a ce mahaifinsa ne. Irin wannan wuri gidan gona ne na gado, wanda ya ciyar da zuri'a guda shekara da shekaru kafin a rataya masa allo.

Mai wucewa yakan ɗauka cewa basirar kasuwanci ce ta sa masu wurin suka yi haka. A nawa ganin, kasuwancin daga baya yake zuwa. Abin da ke gabansa shi ne magada sun wayi gari da dukiyar da ba sa iya nomawa, ba sa iya rabawa ba tare da sun kashe ta ba, kuma kunya ta hana su sayarwa. Masaukin baƙi sulhu ne da aka ƙulla tsakanin 'yan'uwa, kuma ƙarfin wurin ko rauninsa yana komawa ga ƙarfin wannan sulhu. Kafin a gane haka sai an koma ga yadda irin waɗannan gonaki suka samu tun farko.

Sakkwato ta kafu a matsayin cibiyar daula a 1809 a hannun Muhammadu Bello, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya taso daga Sifawa ya zauna cikinta a 1815, ya rasu a 1817. Birnin yana kusa da mahaɗar Gulbin Sakkwato da Gulbin Rima, wato yana da tudu na gero da dawa, yana kuma da fadama ta shinkafa, rake, albasa da alkama. Bello ya bi manufar kafa ribaɗi, wato garuruwan tsaron iyaka, da zaunar da jama'a su yi noma, shi kansa ya koma Wurno, inda ya rasu a 1837. Batun wa ke da iko da fili ya dami malaman lokacin har Abdullahi na Gwandu ya yi rubutu na musamman kan hanyoyin da mutum ke keɓanta da mataccen fili, wato wanda ba mai shi, ta raya shi ko ta kyautar shugaba. Daga nan ne manyan gidaje, na sarauta da na malanta da na fatauci, suka mallaki gandaye a kewayen birni. Kuma bai dace a ɓoye ba cewa da yawa daga cikin gandayen nan bayi ne suka noma su, suna zaune a ƙauyukan gona da ake kira runji ko rinji. Kalmar tana nan a bakin mutanen gari, domin sunan unguwar Runjin Sambo yana ɗauke da ita, ko da yake yau ba mai kallon unguwar a matsayin bayan gari.

Gandu yana da tsarinsa. Ana yi wa mai gida aiki a babbar gona mafi yawan ranakun mako, sannan kowane magidanci da ke ƙarƙashinsa yana da gayaunarsa da yake nomawa don kansa. Amfanin babbar gona ba kasuwa ake fara kai shi ba. Damman gero ne da ake jibgewa a rumbu, a riƙa ɗiba ana kai wa gidan birni, inda mata, 'ya'ya, barori, almajirai da baƙi ke ci. Ribar gandu a wancan zamani ita ce hatsi da jama'a. Ba wanda ya taɓa zama ya lissafa ko gonar ta mayar da abin da aka kashe mata, domin ba a kashe mata kuɗi ba, ƙarfin mutane aka kashe.

A nan ne batun baƙi ya shigo, kuma shi ne ɓangaren da aka fi mantawa. Gidan babban mutum a ƙasar Sakkwato tun asali masauki ne. Lokacin da Baturen nan Hugh Clapperton ya iso a 1824, a hannun Waziri Giɗaɗo aka sauke shi. Da ya sake dawowa kuwa, a nan ajali ya riske shi cikin Afrilun 1827. Heinrich Barth ma, da ya zo a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, masaukin fada aka ba shi. Hadisi ya sanya haƙƙin baƙo kwana uku, Bahaushe kuma ya ce baƙonka annabinka. Har fatake, waɗanda tafiyarsu ta neman riba ce, ba kuɗin ɗaki suke biya ba. Suna sauka wurin fatoma, ya ba su makwanci da abinci da wurin ajiye kaya da ɗaure dabbobi, ya haɗa su da masu saye, ya tsaya musu lamuni, sannan ya ci la'ada daga cinikin. Ke nan Bahaushe ya daɗe da sanin cin riba ta hanyar saukar baƙo, sai dai ribar tana zagayowa ne ta bayan gida. Sabon abu shi ne a tsayar da mutum a zaure, a faɗa masa farashin kwana ɗaya, a karɓi kuɗi a ba shi mabuɗi. Wannan ne ya sa dattawa da yawa ba sa jin nauyin a sayar da buhun albasar gonar, amma suna jin nauyin a sayar da inuwarta.

Rushewar gandu a hankali ta zo. Turawan Ingila sun ci Sakkwato cikin Maris 1903. Dokarsu ta ce duk ɗan da aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne, ba bawa ba, sannan a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Wasu mazauna runji sun tashi, wasu sun zauna a matsayin barori ko masu aron gona, suna kai wa gidan birni wani abu da kaka. Bayan haka sai boko da aikin ofis suka janye 'ya'yan gidan kansu. Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, aka kafa jami'a a 1975, aka yi Jihar Sakkwato a 1976, kamfanin siminti na Kalambaina yana ɗaukar ma'aikata, kuɗin man fetur na shigowa. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 ya ƙara fitar wa mutane da noman tudu daga rai. Madatsun ruwa na Bakolori da Goronyo sun sauya yadda ambaliya ke zuwa wa fadama, abin da ya taimaki wasu manoma ya kuma rikita wasu. Jikan mai gandu ya zama malamin makaranta ko jami'in kwastan a Legas, gona ta koma hannun wani tsohon bara da ke kawo buhu biyar a shekara, ba mai tambayarsa ko goma aka samu. A daidai wannan lokaci birni yana ta matsowa, dillalan filaye suna leƙe, farashin fili yana hawa yayin da amfanin gonar yake tsaye.

Sai mai gida ya rasu, a zo rabon gado, kuma lissafi ne kawai zai nuna girman matsalar. A ɗauka, a matsayin misali, dattijo ya bar gidan gona mai eka 24, da mata biyu, da 'ya'ya maza bakwai da mata bakwai, iyayensa kuma sun riga shi rasuwa, ba bashi ba wasiyya. Matan suna da tumuni, wato eka 3, kowace ɗaya da rabi. Saura eka 21 za a kasa kashi 21, namiji ya ɗauki biyu, mace ɗaya. Har yanzu da sauran fili. Amma in ɗaya daga cikin mazan ya rasu bayan mahaifiyarsa, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza uku da mace ɗaya, ekarsa biyu za ta koma rubu'in eka ga matar, rabin eka ga kowane namiji, rubu'i ga 'yar. Cikin hawa biyu kacal gandu ya zama fulotai. Kuma lissafin takarda ya fi na ƙasa sauƙi, domin eka 24 ɗin ba iri ɗaya ba ce: a wani gefe rijiya take, a wani tsohon soro, a wani mangwarori, wani gefen yana bakin titi, wani yana cikin kwari inda ruwa ke kwanciya da damina. Wanda rabonsa ya faɗa bakin titi ya yi arziki, wanda ya faɗa kwari ya sami abin da zai riƙa gunaguni a kai har ya mutu.

Fiƙihun Malikiyya bai bar wannan ba hukunci ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajiran ƙasar nan ke karantawa tun suna matasa, ta ce abin da ke rabuwa ba tare da cuta ba a raba shi, abin da ba ya rabuwa sai da cuta kuwa, in ɗaya daga cikin masu tarayya ya nemi a sayar, a tilasta wa wanda ya ƙi. Ma'anar wannan a aikace ita ce magaji guda ɗaya, ko da rabonsa ya fi na kowa ƙanƙanta, yana iya kawo ƙarshen gidan gona a gaban alƙali. Akwai kuma haƙƙin shufu'a, wanda ya ba mai tarayya a filin da ba a raba ba damar karɓe rabon da ɗan'uwansa ya sayar wa bare, ta hanyar biyan kuɗin da aka saya. Shufu'a garkuwa ce, amma sai ga mai kuɗi a hannu. Saboda haka duk wanda ke son gidan ya tsaya a dunƙule ba shi da wata dabara face ya gamsar da kowane magaji cewa zaman tarayya ya fi masa amfani a kan karɓar rabonsa.

Yana da kyau a duba yadda abin ya kasance a wasu ƙasashe, domin sakamakon iri ɗaya ne ko da yake dalilin ya sha bamban. A Ingila al'adar manyan gidaje ita ce babban ɗa ya gaje gida da gona dungurungum, don haka rabo bai dame su ba. Haraji ne ya karya su. An kafa harajin dukiyar mamaci a 1894, ya riƙa hawa har ya kai kashi 80 cikin 100 a kan manyan dukiyoyi a 1949. A wannan shekarar ne masu gidan Longleat suka buɗe ƙofa ga masu biyan kuɗi su shiga kallo, a 1966 kuma suka zuba zakuna a filin gidan don jawo jama'a. Da aka yi dokar aure ta 1994, wadda ta halatta ɗaura aure a wuraren da hukuma ta amince da su ban da coci da ofishin rajista, sai ɗaruruwan irin gidajen nan suka koma wuraren biki. A Indiya fadar Rambagh ta Jaifur ta zama otal a 1957, fadar da ke tsakiyar tafkin Udaifur ta bi baya a 1963, sannan gwamnatin Indira Gandhi ta soke alawus ɗin tsofaffin sarakuna a 1971, abin da ya tura sauran kan wannan hanya. Najeriya ba ta da harajin gado mai irin wannan nauyi a yau. Namu matsin daga cikin gida yake fitowa, daga yawan masu haƙƙi, kuma wannan ne ya sa koyi da tsarin waɗancan ƙasashe kai tsaye ba ya yiwuwa: can mutum ɗaya ne ke yanke shawara, nan kuwa sai an tara mutum goma sha shida, wasu da mazajensu a bayansu suna ba da baki.

Na taɓa zama a irin wannan taro a wani gida da ba zan ambata ba. An shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro, maza a gaba, mata daga gefen shigifa, babban wa yana bayanin yadda za a share fili a kafa rumfar taro, a gyara soro, a riƙa raba riba duk shekara. Kowa ya yi shiru irin na amincewa, sai wata dattijuwa daga cikin ƙannensa ta gyara lulluɓi ta ce, “Yaya, ni ban hana a yi ba, amma a rubuta mani rabona da sunana, in na mutu ɗiyana su san abin da ag gare su.” Wasu daga cikin mazan sun ji maganar kamar rashin yarda ce ga babba. Ni kuwa a wurina ita ce maganar da ta fi kowace nauyi a zaman, domin mace ce aka fi cuta a tarayyar da ba rubutu. Tana gidan aure, ba ta ganin littafin ciniki, kunya tana hana ta tambayar yayanta, kuma abin da ake aika mata da salla yakan zo da sunan alheri alhali haƙƙinta ne.

Hanyoyin tsare tarayyar biyu ne suka fi ƙarfi. Ta farko ita ce wakafi na zuri'a, wanda mai dukiya ke yi tun yana raye da lafiyarsa, ya tsare asalin filin daga sayarwa da gado, ya sanya amfaninsa ga 'ya'ya da jikoki. Malaman Malikiyya sun tsananta a kan wakafin da aka yi wa 'ya'ya maza aka fitar da mata, kuma wasiyya ba ta maye gurbinsa, tun da ba wasiyya ga magaji, ba ta kuma wuce sulusi. Jihar Sakkwato tana da hukumar zakka da wakafi, don haka batun ba baƙo ba ne, sai dai mutane sun fi sanin wakafin masallaci da makaranta. Aibin wakafi ga mai son kasuwanci shi ne ba a jinginar da shi a ci bashi. Hanya ta biyu ita ce a fara raba gadon a takarda, kowa ya san kasonsa, sannan a yi rajistar kamfani a hukumar rajistar kamfanoni, kowane magaji ya riƙe hannun jari daidai da abin da Allah ya ba shi. In wani ya rasu, hannun jarinsa ake rabawa, fili yana nan yadda yake. In wani ya matsu, ya sayar wa 'yan'uwa. Wannan hanya ta fi dacewa da masauki, amma tana buƙatar abin da zumuncinmu bai saba da shi ba, wato akanta daga waje, albashi sananne ga ɗan'uwan da ke kula da wurin, da ranar da ake zama a karanta lissafi a gaban kowa.

Daga nan sai takardun ƙasa. Tun dokar 1910 Turawa suka ɗora filayen Arewa a hannun gwamna, dokar 1962 ta ci gaba a kan haka, sannan dokar amfani da ƙasa ta 1978, zamanin mulkin soja na Obasanjo, ta sanya duk filin jiha amana a hannun gwamna. Abin da mutum ke riƙe da shi haƙƙin zama ne, wanda a birni yawanci ake rubuta wa shekara 99. Gonar gado da yawa ba ta da wata shaida ban da dattawan unguwa da hakimi da itatuwan kan iyaka. Wannan ya isa a yi noma, amma bai isa a gina masauki ba. Sai an kira safiyo, an nemi takardar shaidar mallaka, an nemi izinin sauya amfanin fili daga noma zuwa kasuwanci, an kai zanen gini hukumar tsara birane. Jingina ga banki ma sai da yardar gwamna. Kuma in gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta abin da aka gina ko aka shuka ce a kai, wanda hakan wani dalili ne da ke sa magada gaggawar ja katanga da kafa gini a gonar da birni ya kusa cimmawa.

Lissafin kasuwancin kansa bai kai daɗin da ake zato ba. Kuɗin irin wannan wuri a Sakkwato ba daga masu yawon buɗe ido yake fitowa ba, ko da yake masu ziyarar Hubbare, makwancin Shehu Usmanu, ba sa yankewa. Daga biki yake fitowa, kamu da walima da liyafar dare, sai tarukan bita na ma'aikatu da ƙungiyoyin agaji, sai na 'yan siyasa in zaɓe ya ƙarato. Biki kuwa yana da lokaci. Yana cika bayan kaka, da watan Sha'aban kafin azumi, da bayan salla, da hutun ƙarshen shekara, sannan ya yi sanyi. Lokacin hunturu inuwar lambu ita ce jarin wurin, amma daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, ba mai zama waje da rana, sai ɗaki mai na'urar sanyi, na'ura kuma sai wuta, wuta kuma sai janareta. Cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023 ya ɗaga litar fetur daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin kwanaki, abin da ya sa duk mai hali ya koma neman faifan hasken rana. Shekarar 2020, da aka hana taruka saboda korona, ta nuna cewa wuri na iya yin watanni ba ciniki alhali mai gadi da mai ban ruwa suna jiran albashi. Ambaliyar Satumban 2010, wadda ta yanke hanyar zuwa mazaunin jami'a na dindindin, ta isa gargaɗi ga mai son gini a bakin fadama. Rashin tsaro a gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni da Goronyo, ya taƙaita nisan da baƙo zai yarda ya yi daga birni, musamman da dare. Gidan gona mai kyan gaske da ke nesa yana iya rasa kasuwa ga wanda bai kai shi ba amma yana kusa da kwalta. Sannan tun da jihar ta ƙaddamar da shari'a a 2000, cinikin barasa, wanda ke riƙe da otal-otal a wasu wurare, ba ya cikin lissafi, kuma iyalin kirki ba sa son ya shiga ko da an yarda.

Wannan ya kawo batun suna. Kalmar otal tana da wani ƙauri a kunnen Bahaushe, shi ya sa ake guje mata a allo, a rubuta lambu ko masauki ko wurin taro. Kamfanin da bare ya kafa yana iya jure tsegumi, amma wurin da ke ɗauke da sunan kakan wasu mutane ba ya iyawa, domin duk abin da ya faru a ɗaki na shida, gidan za a ambata a majalisa, har ya shafi auren 'ya'yansu. Dalilin ke nan da iyalai da yawa ke tsayawa a kan hayar filin biki da rana da farkon dare, su ƙi gina ɗakunan kwana ko da sun san a nan ribar yau da kullum take. Ban ga laifinsu ba, amma ya kamata su san farashin zaɓin nasu tun kafin su ci bashin gini.

Ginin kansa yana da tasa rigimar. Tsohon soro na tubali da azara, mai kaurin bango, yana riƙe sanyi da rana fiye da ginin bulo da kwano, kuma shi ne abu ɗaya da maƙwabcin da ya sayi fili jiya ba zai iya kwaikwaya ba. Amma yana son yaɓe akai-akai, yana son a duba indararo kafin damina, kuma maginan da suka iya ɗaura bakan gizo da haɗa makuba daga kwasfar ɗorawa suna ƙaranci. Kuskuren da aka fi yi shi ne a shafe ginin ƙasa da siminti don ya yi kyan gani. Simintin yakan tsare laima a ciki, bango ya ruɓe a ɓoye, wata rana ya zubo falle guda. Kuskure na biyu shi ne a sare itatuwa don a sami wurin ajiye motoci. Rumfar taro ana kafa ta cikin wata uku, mangwaron da zai rufe rabin fili da inuwa kuwa sai mutum ya dasa ya bar wa jikansa.

Akwai kuma masu haƙƙin da ba su cikin lissafin alƙali, kuma su ne katanga ke fara shafa. Zuri'ar barorin da suka zauna a gefen gonar hawa uku ko huɗu ba magada ba ne, ba su da takarda, amma a nan aka binne cibiyarsu. Bafulatanin da ke sauka da shanu bayan girbi, su ci kara su bar taki, ya saba da wurin tun zamanin mahaifinsa. Matan ƙauye suna ɗibar ruwa a rijiyar gidan, yara suna tsintar mangwaron da ya faɗo, akwai 'yar hanya da ta ratsa gonar zuwa fadama. Ƙaramin masallacin da ke ƙofar gida kuwa, in an riga an sake shi ga jama'a suna salla, ya fita daga dukiyar gado, ba a mayar da shi ɗakin ajiyar kujeru. Iyalan da suka yi hankali sukan yanka wa tsofaffin mazauna fili su rubuta musu, su ɗauki 'ya'yansu aiki, su bar hanya, su fito da famfo ɗaya wajen katanga daga rijiyar burtsatsen da suka haƙa. Waɗanda suka yi gaggawa sukan gane daga baya cewa mai gadi biyu ba sa tsare wurin da maƙwabta suka juya wa baya.

A gidan da na ba da labarinsa, an bi shawarar dattijuwar. An kai magana gaban alƙali aka raba a takarda, aka yi rajista, aka bar soro da zaure yadda suke, aka kafa rumfa a inda masussuka take da. Na koma wurin da safe bayan wata walima, yara suna tattara robobin ruwa, wani saurayi yana jera kujeru a bayan mota, tsohon da ya yi shekaru yana noma gonar yana jan tiyo zuwa gindin itatuwa, yanzu da albashin wata. A zaure, inda da ake shimfiɗa wa baƙo buzu a kawo masa fura, akwai tebur da littafin rajista da na'urar karɓar kuɗi. Ɗaki ɗaya a bayan shigifa ba ya cikin jerin na haya. An rubuta a yarjejeniya cewa na 'yan'uwa ne da baƙin da suka zo ta hannunsu, kuma mabuɗinsa yana wurin babban wa.